Mai gida ya ba ni wata ɗaya in tashi, ga iyali ga rashin aiki: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina zaune a Dutse Alhaji da matata da yara huɗu, a ciki da falo, shekara ta huɗu ke nan, ina biyan naira 600,000 a shekara. Wata biyar da suka wuce kamfanin da nake wa aiki a Wuse ya rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Kuɗin hayata ya ƙare wata biyu ke nan, ban samu na sabuntawa ba. Shekaranjiya kiyateka, wato mai kula da gidan, ya kawo min takarda, wai ko in biya sabon kuɗi, 900,000, ko in tashi cikin wata ɗaya. Ya ce in wa'adin ya cika za su cire ƙofa, su yanke wuta, su zo da 'yan sanda. Ba ni da inda zan kai iyalina. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kawo mafita, Ya rufa asiri.

Bari in fara da abin da zai sa ka samu barci yau. Takardar da kiyateka ya kawo maka ba ta fitar da kowa daga gida. A Abuja mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da hannunsa, ko da ɗan hayan ya shekara bai biya sisi ba. Alƙali ne ke ba da umarnin fitarwa, ma'aikatan kotu ne ke aiwatarwa. Amma kafin ka saki jiki, ka riƙe ɗaya ɓangaren: lokaci kawai doka za ta ba ka, ba za ta ba ka gida ba, kuma kowace rana ta wannan lokacin ana rubuta maka ita bashi. A shekarun da na yi ina zirga-zirgar shari'ar haya a garin nan, waɗanda na ga an watso wa kaya waje yawanci iri biyu ne. Akwai wanda kunya ta sa ya shiga wasan ɓuya, ya daina ɗaukar waya, yake fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i. Akwai kuma wanda wani ya gaya masa “ai ba abin da za a iya yi maka”, ya miƙe ƙafa har ranar da motar kotu ta tsaya a ƙofar gida. Dukansu an ba su watanni, ba wanda ya amfana da su.

Dokar da ke kanka ita ce dokar karɓar gida daga hannun ɗan haya ta Babban Birnin Tarayya, wadda ke cikin kundin dokokin 1990. Dutse Alhaji a ƙaramar hukumar Bwari take, don haka kana ƙarƙashinta. Na yi wannan bayanin ne saboda da yawa masu cewa suna Abuja a Mararaba ko Masaka suke kwana, wato jihar Nasarawa, ko a Suleja da Madalla, jihar Neja, kuma kowace jiha da tata dokar. Haka nan mafi yawan abin da mutane ke karantowa a intanet su zo min da shi dokar haya ce ta Legas ta 2011. Ita ce ta bai wa ɗan haya damar kai ƙara idan ƙarin kuɗi ya wuce hankali, kuma iyakarta Legas. Wasu kuma suna cewa an yi doka a Abuja cewa haya wata-wata za a riƙa biya. Ƙudiri ne da Sanata Smart Adeyemi ya kawo Majalisar Dattawa a 2022, bai zama doka ba.

Abin da dokar Abuja ta tanada shi ne, idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan mako-mako ana ba shi notis na mako ɗaya, mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara kuma wata shida. In wannan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi wata takardar ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Bayan kwana bakwan ne za a shigar da ƙara, ko a ƙaramar kotun da ake kira Distirik, wato majistare idan ya zauna kan ƙarar da ba ta aikata laifi ba, ko a Babbar Kotu. Sai a kawo maka sammaci, a saurare ku, a yi hukunci.

In ka ji haka za ka ce to ai wata shida gare ni, notis ɗin wata ɗaya bai yi ba. Mai yiwuwa haka ne, amma kada ka ɗora rayuwar yara huɗu a kan wannan. Ka fara ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar da ka shiga gidan, wadda na san tun ranar ba ka ƙara buɗe ta ba. Lauyoyin masu gida sukan rubuta a ciki cewa notis wata ɗaya ne ko wata uku, kuma abin da kuka sa wa hannu shi kotu ke bi. Sukan kuma rubuta cewa hayar ta ƙayyadadden lokaci ce, daga rana kaza zuwa rana kaza. Irin wannan da ranar ta zo ta mutu da kanta, takardar kwana bakwai kaɗai ta rage tsakaninka da kotu. Sannan ga batun bashin da ke kanka. Akwai hukuncin Kotun Ƙoli na 2006, a shari'ar Odutola da kamfanin Papersack, da lauyoyin masu gida ke kafa hujja da shi cewa ɗan hayar shekara da ya daina biya ya zubar da haƙƙinsa na wata shida. Ana jayayya kan iyakar wannan hukunci, amma ka san za a ɗaga maka shi.

A da, in lauya ya gano kuskure a notis, ko an yi kuren rana ko an gajarta wa'adi, sai a kori ƙarar, mai gida ya koma ya faro daga tushe. Wasu 'yan haya sun yi shekaru suna zaune a kan wannan dabarar. A 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, ta nuna gajiyarta da haka, ta ce shigar da ƙarar kanta ya isa ɗan haya ya san mai gida na son gidansa, kuskuren notis ba zai zama mafaka ba. Tun daga nan duk lauyan da ya ce maka zai riƙe maka gidan shekara biyu da kuskuren takarda, kuɗinka yake so.

Batun ƙarin kuɗi kuwa, mai gida ba ya iya wayar gari ya ce ana bin ka 900,000 alhali ba ku yi haka da shi ba. Ƙari tayi ne, sai ka karɓa ya hau kanka. Sai dai shi ma ba wanda zai tilasta masa ya ci gaba da ba ka gidansa a tsohon farashi. In ba ku daidaita ba, hanyarsa ita ce notis da kotu. Kuma a nan ne lissafin ke da ɗaci. A tsohon farashi, kowane wata naira 50,000 ne, wato yanzu ana bin ka 100,000. In ka ƙara wata takwas ana ja-in-ja, ya zama 500,000. Daga ranar da hayar ta ƙare a idon doka kuma, kotu na iya lissafa maka kuɗin zama da darajar gidan ta yau, wadda mai gida zai ce 75,000 ce a wata. Ka ga mutum na iya cin nasarar jinkirta fita, ya fita da bashin da ya fi kuɗin kama wani gidan.

Barazanar cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, datse ruwa, sa kwaɗo ko riƙe maka kaya a madadin kuɗin haya, duk ɗaukar doka a hannu ne. Wanda ya yi, ana iya kai shi ƙara ya biya diyya, kuma wani abin a ciki laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Final Kod da ke aiki a Abuja. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin soja ta jihar Legas tatas saboda ta tura jami'an tsaro su fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali maganar na gaban kotu. In gwamnan soja bai sha ba, balle kiyateka. 'Yan sanda ma ba masu karɓar bashi ba ne. Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. In an gayyace ka ofishinsu ka je, kada ka ƙi, amma ka tafi da wani, kuma kada ka sa hannu a takardar alkawarin tashi ranar kaza don kawai a bar ka ka koma gida. Wannan takardar ita za a fito da ita a kotu. In kuwa sun zo sun fara taɓa ƙofa ko waya, kada ka ɗaga wa kowa hannu ko da an zage ka a gaban iyalinka. Ka ɗauki hoto da bidiyo, ka kira maƙwabta biyu su gani, ka kai rahoto a rubuce. Da zarar ka mari wani, maganar ta tashi daga haya ta koma laifi, kai ne kuma za ka kwana a sel.

To wannan doka ke nan, ita ce ƙaramin ɓangaren maganar. Babban ɓangaren shi ne abin da za ka yi da makonnin da ke hannunka.

Ka je ka ga mai gidan da kansa, cikin makon nan. Zuwa da kai ya fi saƙo. Kiyateka yana da tasa buƙatar, domin sabon ɗan haya na nufin sabuwar la'ada, kuma na sha ganin mai gida bai ma san irin kalaman da ake faɗa da sunansa ba. Kada ka je kai kaɗai. Ka nemi wanda mai gidan ke jin nauyinsa: wanda ya tsaya maka lokacin kama gidan, limamin unguwa, shugaban masu gidaje na layin, ko in mai gidan Kirista ne, wani dattijo na cocinsu da kuke gaisawa. A Abuja mai gidanka na iya zama Gbagyi ko Ibo ko Bayarabe, amma ban taɓa ganin ƙabilar da ba ta jin kunyar dattijo ya tako har gida ba. Kuma ka tuna, yawancin masu gidajen Dutse da Kubwa ba attajirai ba ne. Tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a bulo, da hayar nan suke sayen magani, suke biyan kuɗin makaranta. In ka shiga masa da “na san haƙƙina”, shi ma zai nemo nasa lauyan.

Abin da ke ɓata irin wannan zaman shi ne mutum ya je da haƙuri zalla. “A yi haƙuri, in sha Allahu ina sa ran wasu kuɗi” ya riga ya ji ta wata biyu. Ka je da takardar sallamarka daga aiki ya gani da idonsa, ka je da wani abu a hannu ko da 50,000 ne, ka je da rana. Tayi biyu ne a gabanka, kuma tun daga gida za ka yanke wanda ya dace da aljihunka. Na farko, ka zauna, a sasanta kan wani farashi tsakanin tsoho da sabo, ka riƙa biya wata uku-uku. Wannan sai in kana da hanyar shigar kuɗi da ka tabbatar da ita, ba wadda kake fata ba. Na biyu, ka ce masa: Baba, ba zan iya sabon kuɗin ba, a ba ni wata uku in fita da ƙafata, bashin kuma a yafe wani abu, saura in biya kaɗan-kaɗan. Za ka yi mamakin yawan masu gidan da ke karɓar na biyun. Shi ma ya iya lissafi. Kotu na nufin kuɗin lauya, watanni ana ɗage zama, sannan ya karɓi hukuncin bashin da bai san ranar da zai shigo hannunsa ba. Gidan da aka ba shi makullinsa ranar da aka yi alkawari ya fi masa.

Duk abin da kuka cimma a rubuta, ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Duk kuɗin da za ka biya ka tura ta banki zuwa asusun mai gidan, ka rubuta na mene ne. Na taɓa tsaya wa wani bawan Allah a Karu da ya riƙa miƙa wa mai kula da gida kuɗi a hannu har sau huɗu, ba rasit, ranar shari'a aka ce ba a san zancen ba. In zaman gida ya ƙi, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Abuja, wadda aka buɗe a 2003. Kana iya zuwa da kanka ka nemi a gayyato mai gidan ko da ba a shigar da ƙara ba, kuma sulhun da aka yi a can, in alƙali ya sa masa hannu, ya zama hukunci.

Sai neman kuɗi. Abu na farko da ya zo min da na karanta tambayarka shi ne fansho. In kamfanin da ya sallame ka yana cire maka kuɗin fansho, dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Kai ka yi wata biyar, ka cika sharaɗi. Ka ɗauki takardar sallama da katin shaida ka tafi ofishin kamfanin da ke riƙe da asusunka gobe, domin abin yana ɗaukar makonni. A can ne kuma za ka gane ko ma'aikatar taku tana zuba abin da take cirewa, don wasu cirewa suke ba sa zubawa, kuma wannan ƙorafi ne da hukumar fansho ta ƙasa ke saurare. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ma. In akwai albashin madadin notis ko kuɗin sallama da ba a ba ka ba, ka rubuta ka nema, in kana cikin ƙungiyar gama kai ta ma'aikata ka karɓo ajiyarka. Na san taɓa fansho ba daɗi, ni ma ba na ba da shawarar sa don biki ko sayen mota. Rufin kan yara dabam ne.

Bayan wannan sai dangi da jama'a, kuma a nan kunya ce babbar abokiyar gabarka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa wanda bashi ya yi wa katutu cikin masu cin zakka, don haka in ka je wurin kwamitin zakka na masallacin Juma'arku ba bara ka je ba. Sai dai yadda ake tambaya yana da tasiri. Wanda ya ce “ina cikin wani hali” addu'a yake samu. Wanda ya nuna takarda ya ce “mun yi da mai gida zan kawo 150,000 ranar 30 ga wata, na haɗa 90,000, saura 60,000, ga lambar asusunsa a tura masa kai tsaye”, shi ne ake ciro wa kuɗi. In kana cikin adashi ka roƙi a sauya maka kwasa. Uwargida kuma ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiyar lamarin tun yau. Maza da yawa suna ɓoyewa har sai ta ji a bakin kiyateka a gaban maƙwabta, kuma sau da yawa ita ce ke da ɗan'uwa ko 'yar ajiyar da za ta cike giɓin.

Abin da zan hana ka da babbar murya shi ne manhajojin ba da rance na waya. Wa'adinsu kwanaki ne, ruwansu mai yawa, kuma in ka makara sai su bi lambobin wayarka suna aika wa surukanka da tsofaffin abokan aikinka saƙon cin mutunci. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai wa wasunsu samame a 2022. Mai gida aƙalla yana da fuskar da za a roƙa.

Kada ka jira gwamnati ta ba ka wurin zama. A Ingila akwai dokar 2017 da ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta taimaki duk wanda ke fuskantar rasa muhalli cikin kwana 56. Mu a nan sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar wa 'yan ƙasa muhalli, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Asusun gidaje na ƙasa da ake cire wa ma'aikata kashi biyu da rabi domin sa, na mallakar gida ne a dogon zango, ba ya kashe gobarar wata ɗaya. Inda hukuma za ta amfane ka shi ne wajen lauya. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana tsaya wa wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024, kuma marar aiki ya shiga ciki. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Maitama in an yi maka amfani da ƙarfi. Ga 'yan'uwa mata masu karanta wannan: in miji ne ya kore ki daga gidan aure da ƙarfi ko ya hana ki shiga, sashe na 9 na dokar hana cin zarafi ta 2015 ya mai da hakan laifi a Abuja, hukuncinsa ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tarar da ba ta wuce 300,000 ba ko duka biyun. Hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna karɓar irin wannan ƙorafi.

In sammaci ya zo, ka karɓa, ka je. Ƙin karɓa ba ya tsayar da komai, manna shi za a yi a ƙofa, a yi shari'ar a bayan idonka. Ka je ko ba ka da lauya, ka yi shiga ta mutunci, ka faɗi gaskiya: ana bi na, ga dalili, ga abin da na biya, ina roƙon lokaci da damar biya kashi-kashi. Alƙalai na da ikon sa ranar da za ka miƙa gida, kuma sun fi sassauta wa wanda ya zo da rasit da tsari a kan wanda ya zo da musu.

Yanzu maganar da ba ka so ji ba. A yadda ka bayyana halinka, ba aiki, ga ƙarin rabin kuɗi, ni ina ganin ka fara neman inda za ka koma tun yau, ko da kana fatan sulhu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a tsohon bashi ka wayi gari ba ka da na kama ko ɗaki ɗaya. Ka raba shi: wani ya tafi ga mai gida don ya ga da gaske kake, mafi yawa ka killace na ƙaura. Ka sa a lissafi cewa sabon gida ba kuɗin haya kaɗai ba ne. A garin nan dillali yakan karɓi kashi 10, a ce na lauya ma kashi 10, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, ga motar kwasar kaya. Shi ya sa gidan da ka samu ta hannun abokin sallah ko ɗan garinku, kai tsaye daga mai shi, ya fi wanda dillali ya nuna maka ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta. Kada ka biya ko kwabo sai ka shiga gidan, ka ga mai shi, ka tambayi maƙwabta. Masu damfara sun fi samun mutum lokacin da yake cikin gaggawa.

Wajen zaɓen unguwa, araha biyu ce ke yaudara. Ɗaya ta nisa ce. Bwari, Zuba, Gwagwalada, Kuje, Suleja ko Masaka za ka samu sauƙin haya, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota kan cinye ragin, don haka ka lissafa na wata guda kafin ka yanke, har da na makarantar yara. Ɗaya kuma ta rusau ce. A Abuja minista ne kaɗai ke ba da fili, takardar da mai unguwa ko sarkin ƙauye ya sa wa hannu ba ta hana katafila. Wanda ya zauna garin nan zamanin ministan Abuja Malam Nasiru El-Rufa'i, 2003 zuwa 2007, ya san haka, kuma rusau bai tsaya ba har yau. In ka ga ɗaki ya yi arha fiye da kima, ka zagaya layin ka duba ko akwai jan fenti a bango, ka lura ko a bakin rafi yake ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Ranar da aka zo rushewa, mai gida ba ya mayar wa ɗan haya ragowar kuɗinsa.

In lissafi ya ƙi gaba ɗaya, mai da iyali gida wurin dangi na zango ɗaya ko biyu, kai ka raɓa da wani abokin kana neman aiki, ba faɗuwa ba ce. Magidanta da yawa a Abuja haka suke zaune. Ka daidaita shi da hutun makaranta, ka karɓo wa yara takardar canjin makaranta, ka sa wa abin wa'adi don kada uwargida ta ga kamar an jingine ta ne. Ya fi kwana da yara a kango ko a shago, inda ba tsaro, kuma jami'an muhalli na iya zuwa kowane lokaci. Kayan da ba za su shiga ƙaramin ɗaki ba ka sayar da su tun kana da sararin yin ciniki, domin kujerar da aka sayar a tsakar gida da wadda aka sayar a bakin titi ba kuɗinsu ɗaya ba. Takardun makaranta, na haihuwa, na asibiti da yarjejeniyar haya kuwa, ka haɗa su a jaka ɗaya ka kai gidan wanda ka amince da shi tun yanzu.

Ranar da za ka fita, kada ka bar makulli a hannun maƙwabci ka yi tafiyarka, domin a idon doka kana nan cikin gidan, kuɗi na ci gaba da hawa. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki da na mita, ka miƙa makullin ga mai gida ko wakilinsa a gaban shaida, ya rubuta maka cewa ya karɓi gidansa ranar kaza, ragowar bashi kaza ne ko babu. In ka turo min hoton yarjejeniyar hayarka da takardar da kiyateka ya kawo, gaba da baya, zan duba in gaya maka ko wata shida gare ka ko kwana bakwai.